Wasan Sitiyari

Duk wanda gidansa ke bakin titi a Gumel ya san cewa daren Alhamis ba daren barci mai nauyi ba ne. Tun bayan sallar isha'i ta ranar Laraba manyan motoci ke fara wucewa arewa, babu kaya a cikinsu, bodinsu na ƙara kamar ana kaɗa garwa, kowace tana sauri ta kama wuri a Maigatari kafin gari ya waye. Ranar Alhamis kasuwar garin ke ci, kuma kasuwa ce ta ƙasashe biyu. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga wajejen Dungas da Magarya da sauran ƙasar Damagaram, ga kanwa da dabino, idan kuma kaka ta yi ga riɗi da zoɓo tuli-tuli. Saboda wannan hada-hada ne aka kafa yankin ciniki maras shinge a garin zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jihar Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa ne, bai leƙa Maigatari ba. Saboda haka abin da aka saya a kasuwar, mai rai da maras rai, a kan taya yake fita.

Na yi shekaru ina kallon waɗannan motoci a matsayin abin da bai shafe ni ba, sai dai ko ta fuskar rubuce-rubucen hikima da ake yi a jikinsu, waɗanda na taɓa sa ɗalibaina su tattara. A shekarar 2017 ne na shiga harkar da ƙafar dama. Ƙanena, wanda ya haura shekara goma sha biyar yana tuƙa motocin mutane, ya same ni da shawarar mu haɗa ƙarfi mu sayi tamu. Na karɓi rance daga ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, shi kuma ya sayar da filinsa, muka sayi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya mai taya shida. Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: shi ke tuƙi, ni ke riƙe littafin shiga da fita, kuma babu gyaran da ya wuce na yau da kullum da za a yi sai na amince. Wannan sharaɗi na ƙarshe ni na kawo shi, kuma a lokacin ina ganin na yi dabara.

Cikin kakar 2018, ana tsakiyar jigilar riɗi zuwa kasuwar Dawanau a Kano, ya zo mini da daddare bayan mun ci tuwo, ya ce, "Yaya, sitiyarin nan ya fara wasa. Ya kamata a ajiye ta kwana biyu a duba ƙafar gaba."

Na tambaye shi ko motar tana tashi, ya ce tana tashi. Na ce birki yana ci? Ya ce yana ci. Na buɗe littafi na nuna masa abin da ya rage na bashi, na tuna masa cewa lokacin riɗi ba ya jiran kowa, na ce a bari sai an gama kaka. Bai yi musu ba, domin ba a tashe mu da musu da na gaba ba. Ya dai ƙara cewa, "To, Allah Ya kiyaye," ya tashi ya tafi.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi laifina yadda yake, domin laifi ne na harshe, ni kuwa harshe ne sana'ata. Na ji kalmar "wasa" na ɗauke ta da ma'anar da na saba da ita, wato abin da ba na gaske ba, abin da bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Da ya ce mini wani abu ya karye ko ya tsage, da na miƙe tsaye. A bakin direba da bakanike kuwa, wasa shi ne motsin da ƙarfe ke yi a inda bai kamata ya motsa ba. Idan aka ce sitiyari yana wasa, ana nufin direba zai juya shi dama ko hagu har wani ɗan nisa, tayoyi ba su amsa ba, domin akwai wata gaɓa a tsakani da ta cinye, ta bar rata. Na sha koya wa ɗalibai cewa tsayin wasali da karin sauti ne ke raba "wasa" na yara da "wasa" wuƙa a dutse, na sha yi musu bayanin yadda kalma ɗaya kan sami keɓaɓɓiyar ma'ana a bakin masu wata sana'a. Ranar da darasin ya zo mini har gida, a bakin ɗan'uwana, ban gane shi ba.

Bayan mako biyu, ranar wata Alhamis da almuru, aka buga mini waya. Motar ta bar titi tsakanin Gumel da Gagarawa. Abin da ya rage ɓarnar shi ne ƙanena ya riga ya rage gudu saboda wani rami. Da ƙafar dama ta faɗa ramin, sai ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, motar ta ja dama da kanta, ta sauka cikin yashi, ta kishingiɗa a hankali kamar raƙumin da ya gaji. Shi ya fito da 'yan ƙujewa. Yaron motar, matashi ɗan shekara goma sha tara da ke zaune a saman lodi, buhuna suka danne shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Ba zan tsawaita a kan kwanakin asibiti ba. Abin da ba na mantawa shi ne mahaifin yaron, dattijo manomi daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, shi ne ya riƙa ba ni haƙuri yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Aka jawo motar zuwa garejin wani tsohon bakanike a Gumel, mutumin da ya fara koyon aiki tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilu na 1972. Lokacin hutun zango ne, don haka na riƙa zuwa kowace safiya ina zama a kan wani benci, da farko don in sa ido a kan kuɗi, daga baya don na ga akwai abin koyo. Rana ta farko ya miƙo mini wani dunƙulen ƙarfe da bai fi cikin tafin hannu ba, da wani mai kama da ƙaramin ludayi, ya ce, "Malam, ga abin da ya kayar da motarka. Sa wannan cikin wancan ka gani."

Na sa. Ƙwallon ƙarfen ya shige cikin ƙoƙon, na juya hannu ya zubo ƙasa. Ya ce a sabonsa ko da guduma ba ka raba su.

Daga nan ya kwanta a kan kwali, ya ce in durƙusa in leƙa, ya bi da ni hanyar da umarnin direba ke bi kafin ya isa taya. Sandar sitiyari tana sauka cikin wani akwatin ƙarfe mai haƙora. Daga akwatin wani gajeren hannu ya fito, wanda ke lilo gaba da baya. Wannan hannu yana tura wata sanda da ke isa ƙafar hagu, wato ɓangaren direba. Ƙafar dama kuwa ba ta da wata alaƙa da sitiyari sai ta hanyar doguwar sanda guda da ta gitta ƙarƙashin motar ta haɗa ƙafafun biyu, wadda suke kira tayarod. A kowane bakin waɗannan sanduna akwai ƙwallo cikin ƙoƙo, an cika shi da giris, an rufe da 'yar roba. Su kuma ƙafafun, kowace tana juyawa ne a kan wata ƙatuwar ƙusa da ke tsaye a bakin aksul, wadda ake kira kimfin, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙalinsa. Gaɓar da ta fita a motarmu ita ce ta bakin tayarod na dama. Da ta fita, ƙafar hagu tana jin maganar direba, ta dama ta zama 'yar kanta, ta buɗe waje, ta ja motar inda ta ga dama.

Na tambaye shi me ke cinye ƙarfe mai tauri haka. Ya ɗebi ƙasa a hannu ya murza, bai ce komai ba. Sunan jihar tamu ma daga irin wannan ƙasa ya samo asali, wato jigawa, tudun rairayi. Muddin robar nan tana da lafiya, giris na ciki, yashi na waje. Ranar da ta tsage, ko don tsufa ko don zafin rana ko don kututturen da mota ta taka a hanyar ƙauye, yashi da ƙurar hunturu sai su shiga su gauraya da giris, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, kowane juyi na sitiyari yana goge ƙwallon da ƙoƙonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma lodin da ya wuce ƙima, ga ramuka. Ya ƙara da wani abu da ban taɓa tunaninsa ba: lodin shanu ya fi lodin buhu wahalar da ƙafar gaba, domin buhu inda aka ajiye shi nan yake zama, shanu kuwa a kowace kwana sai su kwanto gefe guda.

Sai dai ba yashi kaɗai ya yi mana wannan aiki ba. Ya nuna mini gefen ƙoƙon, duk sawun guduma. Wani mai gyara a bakin hanya, tun kafin motar ta zo hannunmu ko bayan nan, ya bubbuge bakin ƙoƙon don ya matse ƙwallon, wasan ya ɓace na 'yan kwanaki. A ɗaya bakin kuma, inda ya kamata a soka 'yar ƙusa mai baki biyu da ke hana noti warwarewa, ƙusar kafinta aka soka aka lanƙwasa. "Wannan ba gyara ba ne," in ji shi, "rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya binciki sauran gaɓoɓin, domin babu na'ura ko ɗaya a ciki, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Da aka ɗaura wani tayarod na aro don a iya gwaji, ya sa aka ajiye motar a ƙasa mai tauri da nauyinta a kan tayoyi, ya ce wa wani yaronsa ya hau ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan. Shi kuma ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana dafa kowace da tafin hannu. Gaɓa mai lafiya, ɓangarorinta biyu tare suke tafiya. Wadda ta cinye, ɗaya ɓangaren zai fara motsi kafin ɗayan ya biyo, kuma hannu yana jin wannan ɗan tsalle tun kafin ido ya gan shi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan gaɓar sandar da ke fitowa daga akwatin sitiyari. Na ji wani ɗan bugu kamar na jijiya. Ya ce ita ma ta kusa. Dole ne a yi wannan gwaji taya na ƙasa, domin idan an ɗaga motar babu abin da ke turje wa sitiyari, wasan sai ya ɓuya. Haka kuma ba a dura giris kafin gwaji, saboda sabon giris yakan cike ratar ya yaudari mai dubawa.

Bayan nan aka sa jak a ƙarƙashin aksul aka ɗaga, aka tokare da manyan itatuwa, aka kuma datse tayoyin baya da duwatsu. A kan wannan ba ya sassauci ko kaɗan. Na ga ya dalla wa wani almajirinsa tsawa don ya zura kai ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sa'annan ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashinta ya ɗaga. Ƙafar dama ta yi ƙwas-ƙwas. Ya ce wannan motsi abu biyu ke kawo shi, ko boris ɗin cikin ƙafa ko kimfin, kuma ga yadda ake raba gardama: a taka birki a sake girgizawa. Idan motsin ya tsaya, boris ne, domin birki ya riƙe gangar ƙafar ya hana ta motsi. Idan bai tsaya ba, kimfin ne da bushin ɗinsa. Aka taka, motsin bai tsaya ba. A raina na ce wannan ai ita ce hanyar da muke bi a ilimin tsarin sauti, inda muke ɗaukar kalmomi biyu masu kama da juna ta kowace fuska in ban da sauti guda, don mu tabbatar da aikin wannan sauti. A riƙe komai, a canza abu ɗaya, a ga abin da zai faru. Shi bai taɓa shiga aji ba bayan makarantar allo.

Tayoyin ma sun ba da shaidarsu. Ya sa na shafa fuskar tayar gaba daga ciki zuwa waje, na ji santsi. Da na dawo da hannu, na ji kaifi kamar bakin zarto. Ya ce mota mai cin taya haka, ƙafafunta ba sa kallon wuri guda, ana jan su ne a karkace. Na tuna cewa wata biyu kafin haɗarin na sa hannu a kan kuɗin sababbin tayoyin gaba ina ta mita, ban tambayi dalilin da tsofaffin suka ƙare da wuri ba.

Daga baya na karanta cewa tsarin sandunan nan ya girmi motar kanta. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik na ƙasar Jamus, Georg Lankensperger, shi ya ƙirƙiro shi, wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sunan wakilin kuma ya bi tsarin har yau. Hikimar ita ce a kan kwana, ƙafar ciki tana bin ƙaramin da'ira, ta waje tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi karyawa. Ɗan karkacewar hannuwan da tayarod ke kamawa shi ke samar da wannan bambanci. Da na gaya wa tsohon, ya ce ya san ta ciki ta fi karyawa tun yana yaro, sunan Baturen ne dai bai sani ba.

A rana ta uku aka koma ƙarƙashin ciki, wajen doguwar sandar da ke ɗauko ƙarfi daga giya zuwa ƙafafun baya, wadda suke kira farfela. A kowane bakinta akwai wata gaɓa mai siffar gicciye, kuros, mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, cikin kowace hula kuma an jera wasu siraran ƙarafa kamar allurai. Wannan gaɓa ce ke ba sandar damar juyawa alhali aksul na baya yana hawa yana sauka a kan sifirin. Ya kira ƙanena ya tambaye shi, "Direba, idan ka sa giya ka saki kuloci, kana jin ƙwal a ƙarƙashi? Idan ka miƙe hanya, kujera na kaɗa ka?" Ya amsa duka biyun da i. Tsohon ya cire giya, ya kama sandar da hannu biyu ya murɗa gaba da baya, ya kuma nuna mini wani jan gari kamar barkono da ya taru a bakin hula ɗaya. Tsatsa ce, alamar alluran ciki sun bushe sun fara niƙewa. Kuros na gaba ne ya fi ban tsoro, in ji shi, domin idan ya tsinke ana gudu, bakin sandar zai faɗi ya caki ƙasa, motar kuma ta hau kansa.

Kafin a kwance farfelar, ya ɗauki alli ya ja layi a inda sassanta biyu suka shiga juna. Na tambayi dalili, ya ce idan aka mayar da ita ba a kan layin ba, mota za ta riƙa rawa ko da komai sabo ne. Bayanin da littattafai suka bayar shi ne, kuros guda idan yana aiki a karkace ba ya juyi da gudu ɗaya: sau biyu a kowane zagaye yana ƙara sauri, sau biyu yana ragewa. Na biyun ne ke warware wannan, amma sai idan bakunansu suna kan layi ɗaya. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya yi nazarin wannan hali tun a ƙarni na 17, shi ya sa Ingilishi kan jingina gaɓar gare shi. Faransawa kuwa sun jingina ta ga Gerolamo Cardano, mutumin Italiya na ƙarni na 16.

Wannan ya kawo ni ga wani direba Badamagare da ya kawo motarsa garejin a ranar. Da ya leƙa aikinmu, sai na ji ya kira gaɓar kardan, ƙwallon tayarod kuma ya ce rotil. Ga Bahaushe biyu, tsakanin garuruwansu bai kai tafiyar yini a mota ba, suna nuna ƙarfe ɗaya, ɗaya da sunan da ya aro daga Ingilishi, ɗayan daga Faransanci, kuma kowa ya gane ɗan'uwansa sarai domin kasuwar Alhamis ta daɗe da haɗa su. Kalmar Faransancin da ta ba da rotil tana kuma nufin ƙoƙon gwiwar mutum. Abin da ya fi ba ni mamaki, da na tambaye shi yadda suke cewa idan gaɓa ta saki, ya ce, "Tana da wasa." Ingilishi da Faransanci duka da kalmar wasa suke kiran wannan rata. Ina kyautata zaton fassara ce Hausa ta yi daga bakin Turawan da suka fara koya wa mutanenmu aikin, a ɓangarorin iyaka biyu, kowa daga nasa ubangidan, aka kuma dace a kan kalma guda.

Sauyin kayan ya ɗauki kwana huɗu, mafi yawansa jiran ƙanena ya dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tsohon ya ba shi tsofaffin ƙarafan ya tafi da su don a gwada, ya kuma gargaɗe shi kada ya dubi kyan kwali, ya dubi nauyin ƙarfe da laushin roba da tsabtar zaren noti. A wannan karo ban buɗe littafi ba. Wajen cire kan tayarod, bayan an zare ƙusa an sassauta noti, gefen hannun da ya riƙe shi ake duka da guduma, ba kan zarensa ba, sai ya saki da kansa. Ana ƙirga zagaye nawa tsohon ya yi kafin ya fita daga sanda, a mayar da sabon da wannan adadi. Zaren baki ɗaya na dama ne, na ɗayan na hagu, ta yadda juya sandar kaɗai ke tsawaita ta ko gajarta ta. Idan an ɗaure noti ramin ƙusa bai daidaita ba, gaba ake ƙarawa kaɗan, ba a komawa baya. Kimfin ya fi ba da wahala, sai da aka yi ta duka kafin tsohon ya fita, sa'annan aka dasa sababbin bushin aka gyara cikinsu daidai kaurin sabuwar ƙusa. Kuros kuwa aikin haƙuri ne: a matsa huluna a hankali, a tabbatar ko allura ɗaya ba ta kwanta a gindin hula ba, a mayar da zobban da ke riƙe su, a dura giris har sai sabo ya ɓullo ta hannuwa huɗun duka. Uku suka fitar, na huɗu ya ƙi, ya sa aka sake kwancewa. A ƙarshe ya auna tsakanin tayoyin gaba ta fuskarsu da ta bayansu da igiya, ya juya tayarod har gaban ya fi bayan matsewa da 'yan milimita kaɗan, ya ce duk da haka a kai ta inda ake da na'ura a Kano a tabbatar.

Da na tattara kuɗin gaɓoɓin sitiyarin da aka sauya, bai kai abin da motar ke samu a lodi biyu ba.

A waɗannan kwanaki na cika rabin littafin rubutu da kalmomi. Wasu aro ne da Hausa ta yi musu kwaskwarima bisa ƙa'idojinta: ba ta yarda baƙaƙe biyu su fara kalma a jere ba, don haka ta cusa wasali a giris da birki da sifirin da kuros da sitiyari, ba ta da sautin da Turawa ke rubutawa da harafin p, don haka ta mayar da shi f a farfela da sifana da kimfin, a kimfin ɗin kuma ɗan hancin da ke tsakiya ya nashe da leɓancin f ya koma m. Wasu kuwa ba aro ba ne, faɗaɗa ma'ana ne, kuma su suka fi ƙayatar da ni. Bahaushe ya ɗauki mota a matsayin dabba: tana da kai da ƙafa da ciki da gindi, tana shan mai, tana cin taya, tana tari, tana kuka, tana mutuwa, tana tashi. Na duba ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Manyan ayyuka ne da ba mu da kamarsu, amma ba a rubuta su don bakanike ba, kuma kalmomin ƙarƙashin mota da yawa suna nan a baki kawai, ba su shiga takarda ba. Mu malaman Hausa mun ba da ƙarfi ga sana'o'in gargajiya, ƙira da jima da saƙa da dukanci, muna sa ɗalibai su haddace sunayen kayan aikin da wasunsu ba su taɓa gani ba. Hakan yana da kyau. Amma ɗalibin firamare a Maigatari ko Gagarawa, akwai yiwuwar mahaifinsa direba ne ko ɗan kamasho ko mai faci, kuma Hausar da yake ji a gida ke nan. Tun daga shekarar na ƙara gareji da tashar mota cikin wuraren da nake tura ɗalibai aikin tattara kalmomi, da sharaɗin kada su rubuta ma'anar kalma sai an nuna musu abin sun taɓa shi da hannu.

Motar ta koma hanya a farkon 2019. A watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, kasuwar Alhamis ta yi sanyi, lodi ya yi wuya. Ko da aka buɗe iyakar Maigatari a Disamba 2020, tare da ta Illela da Seme da Mfum, bashi ya riga ya ci ƙarfinmu, muka sayar da ita. Ƙanena ya koma tuƙa motar wani. Bai taɓa tayar mini da maganar daren nan ba, ko da wasa.

Yaron ya warke, amma ƙafar ta ɗan gajarce, hawa saman lodi ya gagare shi. Na roƙi tsohon ya karɓe shi almajiri, ya karɓa. Yanzu yana da 'yar rumfarsa a gefen garejin, kuma wurinsa nake kai ƙaramar motata. Watan jiya na je a sauya mini mai, yana ɗingisawa ya zagaya ta, ya durƙusa ya kama tayar gaba ta hagu ya girgiza, ya sake girgizawa, ya ɗago ya ce, "Baba, akwai ɗan wasa a nan." Na miƙa masa makulli, na hau acaɓa na tafi aji.